Yadda Ake Zaɓen Bijimin Iri da Dashen Ɗan Tayi a Garken Shanun Nama

Idan babbar sallah ta gabato, ko wata lalura ta taso, mai shanu yakan shiga garke ya nuna wa dillali san da ya fi kowanne cika ido. Shi ne mai kuɗi, shi za a kai kara. Wanda ya rage, wato wanda dillali ya raina saboda bai yi saurin girma ba, shi ne zai zauna ya baye shanu. A yi ta haka shekara da shekaru, sannan a zo ana mamakin yadda maruƙa suke tsumburewa alhali kakanninsu manyan shanu ne.

Lissafin ba shi da wuya. Saniya a kiwonmu na gargajiya takan haihu sau ɗaya a shekara biyu, mai samun kulawa kuma duk shekara. Bijimi ɗaya da aka sa wa mata 25, a shekara 3 zai iya barin maruƙa 50 ko fiye, kuma rabin jinin kowannensu nasa ne. Dashen ɗan tayi dabara ce ta bai wa saniyar ƙwarai irin wannan dama ta yaɗa jininta. Amma da yake ba a yin dashe sai da maniyyin bijimin da aka tantance, daga bijimin za mu fara.

1. Fara sanin abin da kake nema

Kafin ka taka kasuwa, tambayi kanka: 'ya'yan wannan bijimi mata za su zauna a garke su zama iyaye, ko kuwa duk abin da ya haifa na mahauta ne? Idan duka na yanka ne, saurin girma da cikar cinya kawai za ka bi. Idan kuwa karsanansa ne za su gaji garken, dole ka haɗa da yawan haihuwa, da nonon shayar da maraƙi, da juriyar rani.

Sai batun iri. Bokolo, wato Gudalin Sakkwato, da Gudalin Adamawa suna da ƙirar nama: gajerun ƙafafu, faffaɗan jiki. Bunaji ya fi yawa a Najeriya kuma yana ɗaukar kowane irin kiwo. Rahaji dogo ne mai tafiya, bai cika son zaman turke ba. Azawak na jure ƙishi da zafin Sahel, kuma an daɗe ana tace shi a tashar Tukunus da ke Nijar. Na waje kuma gida biyu ne. Akwai masu tozo irin su Brahman na Amurka da Nelore na Barazil, waɗanda asalinsu shanun Indiya ne. Akwai kuma na Turai marasa tozo irin su Simmental da Charolais da Angus.

Ra'ayina, duk wanda shanunsa ke fita kiwo cikin daji kada ya bari jinin Turai ya wuce rabi. Zafi da kaska da kirci ba sa raga masa. Ko mai tozon ma ba a rufe ido a kansa. A tashar Wakwa kusa da Ngaundere ta Kamaru an haɗa Brahman da Gudali tun shekarun 1950, an samu girma, amma kirci ya addabi 'ya'yan fiye da yadda yake wa Gudali zalla.

2. Nemi labarin uwarsa kafin ka kalli tozonsa

A kasuwannin Potiskum da Maigatari da Wudil da Mubi za ka ga bijimai masu ban sha'awa, sai dai babu mai gaya maka wace ce ta haife su. Bijimin iri a garken da aka haife shi ake sayensa, inda za ka ga uwarsa da 'yan'uwansa da idonka. Fulani sun riga kowa sanin wannan. Bafulatanin da ya san shanunsa zai lissafo maka uwa da kaka da kakar kaka, kuma ba ya barin maraƙi ya zama kalhaldi, wato bijimin iri, sai ya yarda da gidan da ya fito.

Ka tambaya: uwar tana da shekara nawa ta yi haihuwar fari? Wata nawa take yi tsakanin haihuwa da haihuwa? Ta taɓa ɓari? An taɓa ja mata maraƙi? Maruƙanta nawa suka rayu har yaye? Dubi hantsarta, ka ga ko kan nonon ya yi kauri har jariri ba zai iya kamawa ba, domin 'ya'yan ɗanta mata za su iya gado.

Idan gona ce mai rubuta bayanai, nemi nauyi uku: na ranar haihuwa, na yaye, da na cikar shekara. A ƙasashen da suka yi nisa a harkar ana daidaita nauyin yaye a kan kwana 205 don a kwatanta maruƙa da adalci. Abin lura shi ne kwatancen ba ya aiki sai tsakanin sa'o'in juna da suka ci abinci ɗaya a damina ɗaya. Maraƙin da aka turke ana ba shi dusa da ƙuli-ƙuli zai fi wanda ya tashi a daji nauyi, amma dusa ba ta bin jini. Wanda ba shi da sikeli ya sayi tef ɗin awon ƙirji, ya riƙa zagaya shi daf da bayan ƙafafun gaba. Ba zai ba ka nauyi daidai wa daida ba, amma zai nuna maka wanda ke gaba da wanda ke baya.

Nauyin haihuwa kuma ba a son ya yi yawa. Maraƙin Bunaji kilo 20 da 'yan kai yake zuwa duniya, na Charolais kuwa yakan haura 40. Ka sa wa ƙaramar karsana irin wannan bijimi, ka sayi wahalar naƙuda da kuɗinka.

3. Duba shi da ido da hannu

Buɗe bakinsa tukuna. Haƙoran girma na farko guda biyu suna fitowa a wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, sannan biyu-biyu har su cika takwas a wajen shekara 4 zuwa 5. Mai haƙora biyu ko huɗu shi ne abin saye, yana da sauran shekarun aiki a gabansa.

Sa a kora shi ya yi tafiya a kan ƙasa mai tauri, ka tsaya a gefe, ka koma baya. Lafiyayyen sa yana ajiye kofaton baya a sawun na gaba. Ƙafar baya da ta miƙe sambal kamar turke aibi ce, haka wadda ta lanƙwashe ƙwarai kamar lauje, domin a kansu yake ɗora nauyinsa duka lokacin baye. Kofato su zama daidai da juna, ba tsagewa, ba wanda ya murɗe ya hau ɗan'uwansa. Ido biyu garau. Gadon baya shimfiɗaɗɗe, ƙirji mai zurfi, cinya cike har ƙasa.

Wurin da mutane suka fi mantawa shi ne kuben gabansa. A shanu masu tozo, musamman Brahman da Gudali, akan samu wanda fatar ta yi reto har kusa da ƙasa. Ƙaya da kututture za su yi ta yankarsa, ya kumbura, ya daina aiki a tsakiyar lokacin barbara. Ka nemi wanda nasa ya ɗame.

Hali ma gado ne. Sa mai tunkuyi ko mai firgita yakan haifi irinsa, kuma garken da za a yi wa dashe dole ya zama mai kamuwa cikin sauƙi.

Kada ƙiba ta ruɗe ka. San da aka turke don layya kitse ya taru masa har a wuyan maraina, ya hana su sanyi, maniyyin ya lalace. Idan kuma aka sake shi daji sai ya zube cikin 'yan makonni. Wanda ake so shi ne mai matsakaicin jiki, haƙarƙari a rufe amma hannu na jin su.

4. Awon maraina da gwajin maniyyi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Sa zai iya hawa saniya kullum alhali ba ya ba da ciki. Mai garke ba zai farga ba sai shekara ta zagayo babu maruƙa, ya kuma ɗora laifin a kan matan.

Kama shi a matsattsen shinge, ka tura marainan biyu ƙasa a hankali, ka zagaya tef a inda suka fi faɗi. Ma'aunin da likitocin dabbobi na Amurka suke bi shi ne aƙalla santimita 30 ga ɗan wata 15, da santimita 34 ga wanda ya haura shekara 2. Wannan ma'auni a kan shanun Turai aka gina shi. Namu masu tozo suna jinkirin balaga, marainansu kuma dogaye ne, don haka ƙaramin sa na gida zai iya gazawa da kaɗan ba tare da yana da aibi ba. Sai dai a cikin sa'o'insa, ɗauki mai babban awo. Yana da yawan maniyyi, kuma an tabbatar 'ya'yansa mata sukan balaga da wuri.

Taɓa su. Su zama biyu, girmansu ɗaya, suna motsi a cikin jaka, taurinsu kamar damtsen da aka ɗaure. Mai laushi tuɓus, ko mai tauri kamar dutse, ko mai ɗaya a kumbure, bar shi ko da kyauta ne.

Daga nan sai likita ya ɗebi maniyyi ya duba a madubin likita. Mafi ƙarancin abin karɓa shi ne kashi 30 cikin 100 na ƙwayoyin suna iyo gaba sosai, kuma kashi 70 cikin 100 ƙirarsu lafiya lau. Ana samun masu wannan aiki a Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya, da asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin wata 2 kafin ta nuna, kuma maraina suna buƙatar su fi jiki sanyi da 'yan digiri. Saboda haka zazzaɓi ɗaya, ko zafin Afrilu ba inuwa, zai iya ɓata maniyyin sa har tsawon wata biyu. Wanda ya faɗi gwaji a bazara a sake gwada shi bayan kwana 60 kafin a yanke masa hukunci. A kuma yi gwajin mako 6 zuwa 8 kafin a sake shi cikin mata, don a samu sararin neman wani idan ya gaza. Ba a fafe gora ranar tafiya.

5. Killace shi wata guda

Sabon sa ba ya shiga garke ranar da aka sauke shi daga mota. Ware shi kwana 30. A ɗebi jininsa a gwada bakkale, cutar da ke sa ɓari a ƙarshen ciki, wadda kuma take kama mutane ta ɗanyen nono da taɓa mabiyiya. A gwada tarin fuka. Idan ya taɓa baye a wani garke, likita ya wanke kubensa ya duba cututtukan da ake ɗauka ta barbara, waɗanda sa ke yawo da su ba alama, mata kuma su yi ta komawa neman bijimi. A yi masa rigakafin ciwon huhu da boru da harbin daji, a ba shi maganin tsutsa da na hanta, a kashe kaska. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato tana yin yawancin waɗannan alluran rigakafi.

6. Yadda za ka yi aiki da shi

Cikakken sa mata 25 zuwa 30 ne ƙa'idarsa. Matashi kuwa a ba shi 10 zuwa 15. Duk sauran mazan garken da ba a zaɓa ba a dandaƙe su ko a raba su, in ba haka ba wahalar banza ka sha. Idan kana son maruƙa su faɗo cikin damina su tarar da ɗanyar ciyawa, sake shi daga Satumba zuwa Nuwamba, tunda cikin saniya mai tozo kimanin kwana 290 ne. Rubuta ranar da ya hau kowace saniya. Idan da yawa suka dawo nemansa bayan kwana 21, to da magana. A rage masa angurya, musamman yana ƙarami, domin akwai wani sinadari a cikinta da ke raunana maniyyi idan ta yi yawa. Bayan shekara 3, kafin 'ya'yansa su isa baye, a musanya shi.

Dashen ɗan tayi: wa ya kamata ya yi shi?

Aikin a taƙaice shi ne a sa saniyar ƙwarai ta saki ƙwai da yawa a lokaci ɗaya, a ɗura mata maniyyi, bayan kwana 7 a wanko 'yan tayin daga mahaifarta, a dasa kowanne a cikin wata saniya ta goya. Ta farko mu kira ta uwar iri, ta biyu uwar riƙo. Maraƙin ba ya ɗaukar komai na jinin uwar riƙo.

Ba sabon abu ba ne. Wani masani Walter Heape ya yi shi a kan zomaye a Ingila a 1890, an kuma haifi maraƙin farko ta wannan hanya a Wisconsin ta Amurka a ƙarshen 1950. Da shi aka kai jinin Boran da Tuli na Afirka zuwa Ostareliya, da shi kuma ɗan siyasar nan Cyril Ramaphosa ya shigar da shanun Ankole na Yuganda cikin Afirka ta Kudu, ta hanyar Kenya, lokacin da dokar cututtuka ta hana shigar da su da rai.

Amma a faɗi gaskiya: wanda maruƙansa na mahauta ne, bijimi nagari ko ɗurin maniyyi ya ishe shi. Dashe na mai sayar da iri ne, ko mai saniyar da ta yi fice wadda ake layin 'ya'yanta, ko mai son shigo da jini zalla daga waje. Kuma garken da ba a rubuta komai, ba lamba a kunne, ba wadataccen abincin rani, bai isa dashe ba tukuna.

7. Zaɓen uwar iri da iyayen riƙo

Uwar iri ta zama wadda ta haihu sau biyu ko fiye ba matsala, maruƙanta sun fi na sauran, tana neman bijimi a kan kari duk kwana 18 zuwa 24, kuma ta yi aƙalla wata 2 da haihuwa. Kyan gani kaɗai bai isa ba.

Iyayen riƙo su ne rabin nasarar, su ne kuma aka fi rainawa. Mutum zai kashe dukiya a kan ɗan tayi, sannan ya tattaro ragowar garke, tsofaffi da juyoyi, ya ce su goya. Ana son saniya mai shekara 3 zuwa 8, mai faɗin ƙugu, mai nono, mai sanyin hali, wadda aka gwada ba ta da bakkale, kuma likita ya tabbatar ba ciki gare ta. Jikinta ya kasance yana hawa ne ba sauka ba. Fara gyara musu abinci mako 6 kafin aiki: harawa, dusa, gishirin lasa, ruwa ba yankewa. Girman jikinta ya dace da maraƙin da za ta haifa.

Ga kowace uwar iri tanadi iyayen riƙo 8 zuwa 10, domin ranar dashe likita zai ƙi wasu.

Lokacin da ya fi dacewa a arewa shi ne kaka zuwa hunturu, shanu sun ƙoshi, gari ya yi sanyi.

8. Daidaita kwanaki da allurar yawan ƙwai

Mahaifar uwar riƙo dole ta kasance a kwana ɗaya da ta uwar iri, kada bambancin ya wuce awa 24. Don haka ake haɗa su a jadawali ɗaya. Likitoci sun bambanta a tsarinsu, amma ga wanda aka fi bi.

Ranar farko a saka wa dukansu wata roba mai sinadarin riƙe ciki a farji, irin su CIDR, tare da allura. A rana ta huɗu uwar iri ta fara karɓar allurar yawan ƙwai, wato FSH, safe da yamma, awa 12 tsakani, kwana 4, ana rage yawanta kullum. Allurai takwas ke nan. A kwana na uku na FSH a yi mata allurar furostagilandin mai sa ta nemi bijimi, irin su Estrumate ko Lutalyse, sannan a zare robar. Iyayen riƙo akan yi musu tasu kusan kwana ɗaya kafin haka, saboda uwar iri ta fi su saurin amsawa. Cikin kwana biyu za ta nemi bijimi, a ɗura mata maniyyi sau biyu, bayan awa 12 da bayan awa 24.

Allura ɗaya ta kuɓuce, ko a yi ta a makare, aikin ya rushe. Ka ɗora wannan a wuyan mutum ɗaya amintacce mai agogo, ka manna jadawalin a bango. Shanu masu tozo ba sa buƙatar FSH da yawa kamar na Turai, idan aka cika musu ma sai ƙwan ya lalace. Magungunan a firji suke zama, wanda ba shi da tsayayyar wuta ya tanadi sola. Furostagilandin yana zubar da ciki, don haka mace mai juna biyu da mai asma kada su taɓa shi.

Wani abin da ke ba mutane wahala shi ne saniya mai tozo ba ta daɗewa tana neman bijimi, wani lokaci awa 10 ne kacal, kuma sau da yawa cikin dare. A sa ido da asuba da magariba da tsakar dare, a shafa musu fenti a gindin wutsiya. Wadda fentinta ya goge an hau ta. Rubuta sa'ar da kowace ta tsaya.

Maniyyin kuma ya zama na bijimin da ya tsallake duk abin da aka lissafa a sama. Idan daskararre ne, a narka tsinke ɗaya, wato siririn bututun da aka zuba shi a ciki, a duba shi tun kafin ranar.

9. Ranar wanko 'yan tayi

Kwana 7 bayan ta nemi bijimi, 'yan tayin sun gangaro cikin mahaifa amma ba su manne ba. A kama ta a shinge mai inuwa, a wanke bayanta, likita ya yi mata allurar kashe zafi a gindin wutsiya. Zai zura siririn bututun roba ta bakin mahaifa, ya hura wata 'yar balan-balan da ke kansa don ta toshe hanya, ya riƙa tura ruwa na musamman yana dawo da shi ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi. Ba yanka, ba ɗinki, cikin awa ɗaya an gama. Daga nan a yi mata furostagilandin don kada wani ɗan tayi da ya maƙale ya zama ciki.

Ɗan tayin kwana 7 bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, sai da madubin likita ake ganinsa. Ana buƙatar ɗaki mai tsabta kusa da shingen, ba ƙura, ba hayaƙi, ba rana kai tsaye. A nan za a tsince su, a wanke, a ba su daraja: ta 1 mai kyau, ta 2 matsakaici, ta 3 mai rauni, ta 4 matacce ko ƙwan da bai haɗu da maniyyi ba.

Kada ka sa rai da yawa. Matsakaicin abin da ake samu 'yan tayi 5 zuwa 6 ne masu amfani a wanki ɗaya. Wata saniyar za ta ba da 15, wata ko ɗaya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu haka take tashi hannu rabbana duk da an bi ƙa'ida. Shi ya sa ya fi a haɗa uwar iri biyu ko uku a zagaye ɗaya. Ana iya maimaita mata bayan mako 6 zuwa 8, amma bayan wanki biyu ko uku a bar ta ta ɗauki cikinta ta huta.

10. Dashen kansa

Likita zai sa hannu ta dubura, ko ya yi sikanin, ya laluba gidan ƙwan uwar riƙo yana neman wani ƙullutu da ke fitowa a inda ƙwai ya fashe, wanda suke kira CL. Shi ne ke fitar da sinadarin riƙe ciki. Wadda ba ta da shi a sallame ta, komai kyanta. Mahaifar saniya reshe biyu gare ta, kuma a reshen da ke ɓangaren ƙullutun ake ajiye ɗan tayin, da siririn tsinke a cikin bindigar dashe, a hankali ba tare da an ƙuje bangon mahaifa ba. Gwanintar hannu a nan take bayyana, don haka tambayi mai aikin sau nawa ya yi, ciki nawa ya samu, a garken wa.

Ɗanyen ɗan tayi a dasa shi cikin 'yan awoyi. Ragowar masu daraja ta 1 a daskarar da su a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, inda za su yi shekaru muddin tulun bai bushe ba. Tulu ya bushe kwana ɗaya, komai ya mutu, don haka a riƙa auna shi da sanda duk mako. Wajen narkarwa a bi abin da wanda ya daskarar ya rubuta. Galibi 'yan daƙiƙu ne a iska, sannan kimanin daƙiƙa 30 a ruwa mai ɗumin digiri 30.

A hannun gwani da shanu masu ƙoshi, ɗanye yakan kama kusan 6 cikin 10, daskararre kusan 5 cikin 10. Wato wanki ɗaya maruƙa 3 ne a matsakaici. Da wannan za ka yi lissafin kuɗi: magani, maniyyi, ladan likita da zirga-zirgarsa, da ciyar da iyayen riƙo goma, a raba uku. Idan farashin maraƙin iri bai haura haka da rata ba, dakata.

Akwai hanya ta biyu da Barazil ta shahara da ita a kan Nelore, inda ake zuƙo ƙwai kai tsaye daga gidan ƙwai da allura da sikanin, har duk mako biyu, a haɗa shi da maniyyi a ɗakin gwaji. Shanu masu tozo suna ba da ƙwai da yawa ta wannan hanya, sai dai tana buƙatar ɗakin gwaji na gaske, kuma kamun cikinta ya ɗan gaza na wanki.

Mai sayen daskararru daga waje ya nemi izinin hukumomin lafiyar dabbobi tun kafin ya biya, da takardar da ta nuna uwa da uba da darajar kowane tsinke. Ribar wannan hanya ita ce maraƙin zai sha dakashin saniyar gida ya samu kariyar cututtukan wurin. Amma dakashi ba ya sauya gashi da fata. Angus da Bunaji ta haifa a Gusau Angus ne, zafi zai dame shi.

11. Bayan dashe

Kwana 30 na farko a bar su su huta. Ba doguwar tafiya, ba mota, ba sauya abinci, ba rigakafi, ba bijimi kusa. A lura da wadda ta dawo neman bijimi bayan kimanin mako 2, alamar bai kama ba ke nan. A yi sikanin a kwana 30 zuwa 35, a sake tabbatarwa a kwana 60. Wadda ba ta ɗauka ba a sake gwada ta sau ɗaya, in ta ƙi a mayar da ita wurin bijimi.

Ranar haihuwa ka cire kwana 7 daga lissafi, tunda da kwanakinsa aka dasa shi, kuma tsawon cikin irin maraƙin yake bi. Matso da su kusa da gida mako biyu kafin lokaci, a riƙa leƙa su dare da rana. Idan faya ta fashe aka yi awa biyu ba ci gaba, kira likita, kada a tara ƙarti su ja da igiya. Maraƙi ya sha dakashi cikin awa 6 na farko, a tsoma cibiyarsa a aidin, a auna nauyinsa, a sa masa lamba a kunne ranar. A littafi rubuta uwar iri da uba a gefe ɗaya, uwar riƙo a wani gefen, domin bayan wata shida makiyayi zai rantse maka cewa wadda ke shayar da shi ita ce uwarsa.

Nonon uwar riƙo na maraƙi ne, a gaya wa masu tatsa tun da wuri. A yaye su a wata 7, a sake aunawa, a kuma auna a cikar shekara. 'Yan uwa ɗaya uba ɗaya ne, amma za ka ga wani ya tsere wa wani. Mazan cikinsu da suka kai wata 18 zuwa 24 sai a buɗe bakinsu, a kora su a ga tafiyarsu, a sa musu tef a maraina, a kira likita ya ɗebi maniyyi kamar yadda aka yi wa ubansu.